FILIN DIREBA DA BAKANIKE: Ƙofar Hayaƙi Da Matsin Iska A Injin Turbo

A lokacin da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna cikin 1975, bakaniken da ke da sifana da sukudireba da kunne mai kyau zai iya raba gardama da kowace irin matsala ta inji, domin kuwa injin nan iskar da Allah ya hore masa yake shaƙa, babu mai ɗura masa. Yau al'amari ya sake. Kamfanin Ford ya soma fito da injunansa na EcoBoost a 2009, Honda ta sa ƙaramin inji mai lita 1.5 da turbo a cikin Civic ta 2016, ta kuma cire babban injin nan mai silinda shida daga Accord ta 2018, har ma Toyota, wadda aka sani da riƙon tsohuwar hanya, ta sauke injin silinda takwas daga Land Cruiser a 2021 ta maye gurbinsa da mai silinda shida da turbo biyu. Irin waɗannan motoci su ne ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Ikko da Kwatano, su ne kuma gobe za su kwana a garejin Kano da Kaduna da Jos da Sabon Ibadan.

To, a jikin kowane turbo na motar fetur akwai wata 'yar ƙofa wadda faɗinta bai fi na kwabo ba, masu sana'a suna kiranta wesget, watau ƙofar sakin hayaƙi. Ita ce ke yanke hukuncin yawan iskar da za a ɗura wa inji. Juyi biyu ko uku na noti a jikin sandarta na iya ƙara wa mota ƙarfi, haka kuma yana iya narka fistin kafin mai mota ya kai Zariya daga Kaduna. Saboda haka ya kamata mai mota da mai gyara su san yadda take aiki tun kafin wani ya kai mata hannu.

ZUGAZUGIN INJI

Inji wuta yake ci, wuta kuwa ba ta ci sai da iska. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane awo ɗaya nasa yana bukatar awo 14.7 na iska, in an gwada da nauyi. Zuba mai ba wuya ba ne, samun iskar da za ta ƙone shi, nan gizo ke saƙar. Injin da ba shi da turbo iyakarsa ya shaƙi abin da nauyin iskar duniya ya tura masa, watau bar 1 a bakin teku, wanda ya yi daidai da fam 14 da rabi a irin agogon da mai faci ke gwada taya da shi.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga maganin wannan matsala. Gawayi ɗaya ne, amma da yaron maƙeri ya kama zugazugi sai wuta ta tashi ta yi fari, ƙarfe ya yi laushi. Turbo zugazugi ne, sai dai ba hannun yaro ke zuga shi ba, hayaƙin da injin ke fitarwa shi ke yin aikin. Farfela biyu ce a kan sanda guda. Ta farko tana cikin hanyar hayaƙi, hayaƙi mai zafin da yakan kai digiri 900 yana bugunta tana juyawa. Ta biyu tana ɗaya gefen, tana zuƙo iska daga waje tana dannawa cikin inji. Sandar nan takan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya, ƙananan turbo na zamani ma sukan wuce 200,000.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma sai a shekarun 1920 aka ci moriyarta a manyan injunan jiragen ruwa. Daga nan ta hau sama, domin jiragen yaƙin Amurka irin su B-17 da P-47 sun yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu don kada ƙarfinsu ya ragu can sama inda iska ta yi ƙaranci. Su ma da ƙofar hayaƙi ake sarrafa nasu.

Dalilin ƙofar kuwa shi ne, turbo ba shi da linzami na kansa. Idan ya ƙara wa inji iska, wuta ta ƙaru. Idan wuta ta ƙaru, hayaƙi ya ƙaru. Hayaƙin nan kuma ya koma ya ƙara wa farfela gudu, ita kuma ta sake ƙaro iska. Haka abin zai yi ta hauhawa har sai wani abu ya karye. Madatsar ruwa ta Kainji tana da ƙofofin da ake buɗewa in tafki ya cika, a saki rarar ruwa ya wuce ta gefe ba tare da ya bi ta injunan lantarki ba. Aikin wesget ke nan: in matsin iska ya kai iyakar da aka yanka, sai ta buɗe, wani kaso na hayaƙi ya zarce salansa kai tsaye bai taɓa farfela ba.

GWANGWANI DA SIFIRIN DA SANDA

A yawancin motoci ƙofar tana cikin gidan turbo ɗin kanta. Abin da ido ke gani daga waje shi ne wani ɗan gwangwani mai kama da na madara, da sanda siririya da ta fito daga cikinsa ta kama hannun ƙofar, da kuma ɗan tiyo da ya taso daga bakin farfelar iska ya shiga gwangwanin. A cikin gwangwanin akwai fatar roba a shimfiɗe kamar fatar ganga, a bayanta kuma akwai sifirin. Sifirin ɗin yana jan sanda, sanda tana riƙe da ƙofa a rufe. Iskar da turbo ya matsa tana bin tiyo ta danna fatar. Muddin ƙarfin iskar bai kai na sifirin ba, ƙofa na nan rufe, duk hayaƙi na bin farfela. Da iska ta rinjayi sifirin sai sanda ta turo waje, ƙofa ta buɗe, gudun farfela ya tsaya inda yake. A motocin tsere da manyan turbo akan raba ƙofar da gidan turbo a dasa ta daban a jikin bututun hayaƙi, ita kuma ba ta da sandar murɗawa, sifirin ake canza mata in ana son canza matsi.

Abu biyu ya kamata a riƙe a nan. Na farko, sifirin shi ne ƙasan ma'auni. Duk wata na'ura da za a ƙara a kan tiyon nan iyakarta ta ɗaga matsi sama da ƙarfin sifirin, ba ta iya sauko da shi ƙasa da haka. Na biyu, kada a haɗa wannan ƙofa da ɗaya bawul ɗin da ke yin atishawa in direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Shi wancan a gefen iska yake, aikinsa ya saki iskar da ta maƙale lokacin da totur ya rufe don kada ta koma ta bugi farfela. Ba shi ne ke tsayar da matsi ba, canza shi kuma ba ya ƙara wa mota ƙarfin ko doki ɗaya.

DARASIN AMURKA DA NA SUWIDIN

Motocin hawa na farko da aka sayar da turbo sun fito a Amurka a 1962, watau Chevrolet Corvair da Oldsmobile Jetfire. Ita Jetfire tana da ƙofar hayaƙi, matsinta kuma bai wuce fam 5 ba, amma injinta ya riga ya matse mai da iska ƙwarai tun kafin a ƙara masa turbo, har ya zama dole a riƙa fesa masa ruwa gauraye da sinadarin metanol daga wata 'yar tanki don kada ya yi ƙara. Masu mota suka riƙa mantawa da cika tankin, motar ta riƙa rage ƙarfi, ƙorafi ya yi yawa. Shekara biyu kacal aka yi ana ƙera ta, an kuma cire wa da yawa daga cikinsu turbo ɗin aka mayar musu da kabireta.

Jamusawa suka ɗauki abin ta hanyar tsere. Motar Porsche 917/30 da Mark Donohue ya ci gasar Can-Am da ita a 1973 tana da ƙarfin doki fiye da 1,000, kuma akwai wani maɓalli kusa da direba wanda yake murɗawa ya ƙara ko ya rage matsi yana cikin gudu. Daga nan kamfanin ya fito da 911 Turbo a 1975, mai lita 3 da ƙarfin doki 260 a kan matsin bar 0.8.

Amma waɗanda suka mai da turbo abin hawan magidanci su ne mutanen Saab na ƙasar Suwidin, a ƙarƙashin injiniyansu Per Gillbrand. Dabararsu ita ce a sa ƙaramin turbo wanda zai tashi da wuri tun inji bai yi gudu ba, sa'an nan a bar wa ƙofar hayaƙi aikin hana shi wuce gona da iri in gudu ya yi gudu. Saab 99 Turbo da aka nuna a 1977 ta ba da ƙarfin doki 145 daga inji mai lita 2, alhali 'yar'uwarta marar turbo 118 take bayarwa. Sai dai sun tarar da matsalar da ta shafi Nijeriya kai tsaye, watau fetur ba ɗaya ba ne daga ƙasa zuwa ƙasa, ko daga gidan mai zuwa gidan mai. Matsin da mai kyau zai jure, maras kyau ba zai jure ba.

Maganin da suka samo shi ne tsarin da suka kira APC, wanda ya shiga Saab 900 a 1982. Suka dasa wata na'ura a jikin inji mai sauraron ƙarar fashewar mai, da wata mai auna matsi, da ɗan bawul na lantarki a kan tiyon da ke zuwa gwangwani. Aka daidaita sanda a kan matsi kaɗan, wajen bar 0.4 a injin mai bawul 16, aka bar wa akwatin lantarki ikon ɗaga shi zuwa kusan ninki biyu in mai ya yi kyau. Da na'urar ta ji ƙara sai ta sauko da matsi nan take, in ƙarar ta ɗauke ta sake hawa a hankali. Kamfanin Saab ya durƙushe a 2011, amma kusan kowace motar turbo ta yau a kan wannan tunani take tafiya.

LISSAFIN DA AKE MANTAWA

Agogon matsi abin da ya ɗoru a kan iskar duniya yake nunawa. Idan ya nuna bar 0.5, to ainihin abin da ke shiga inji bar 1.5 ne. Wanda ya ɗaga matsi daga 0.5 zuwa 0.8 zai ɗauka ya yi ƙarin kashi 60 cikin ɗari, alhali kuwa daga 1.5 ya tashi zuwa 1.8, watau kashi 20 ke nan. Ko wannan ma ba duka zai samu ba, domin iska in aka matsa ta zafi take yi, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi. Duk wanda ya taɓa ba keke iska ya ji yadda gindin famfo ke ɗumi. A ranar bazara da zafi ya kai digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, iskar da turbo ya matsa zuwa bar 1 takan fito da zafin da ya wuce digiri 120. Shi ya sa ake sa wani ɗan lagireto na iska a gaban mota don ya sanyaya ta kafin ta shiga inji. In ƙura da laka da ƙwari sun toshe shi, rabin amfanin turbo ya tafi.

Zafin nan shi ne ƙofar babban haɗari. A ƙa'ida, fulogi ne ke kunna wuta, ita kuma ta bi mai da iska tana ci a jere har ta gama. Idan matsi da zafi suka yi yawa, sai ragowar man da wuta ba ta kai gare shi ba ya fashe da kansa gaba ɗaya, ya bugi kan fistin kamar guduma. Direba zai ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, wani lokaci ma ƙarar salansa da ta hanya takan rufe ta. Turawa wannan ƙara suke kira nokin, ko da yake a garejin Nijeriya kalmar ta koma nufin inji ya buga ya tsaya cik. Ma'anonin biyu ba su yi nisa da juna ba, gama na farkon shi ke haifar da na biyun: gasket ya ƙone, bakin fistin inda zobe ke zama ya tsage, ko kan fistin ya huje.

Ƙarfin fetur na jure matsi ba tare da ya fashe ba shi ake kira oktan. Yawancin motocin turbo na Turai an tsara su ne a kan mai mai lamba 95 ko 98. Man jarka na bakin hanya, wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, in da kananzir a ciki to oktan ɗinsa ya faɗi warwas, motar da aka ƙara wa matsi kuwa ita ce ta farko da za ta ji a jikinta.

Sai kuma batun mai. Ƙarin iska yana bukatar ƙarin fetur daidai da shi, har ma da ɗoriya, domin a lokacin cikakken totur akan ba inji mai fiye da ƙa'ida, wajen awo 1 ga awo 12 na iska, don rarar ta sanyaya silinda. Famfon mai da nozul suna da iyakar abin da za su iya bayarwa. In iska ta wuce wannan iyaka, wuta takan yi zafin da alminiyon fistin ba zai jure ba. Bayan inji kuma akwai kuloci da giya, waɗanda aka yi su daidai da ƙarfin da kamfani ya yanka.

YADDA AKE DAIDAITAWA

Bakanike mai hankali ba ya fara taɓa noti. Yana farawa ne da neman littafin kamfani ya ga lambar da aka rubuta wa wannan inji, sa'an nan ya haɗa agogon matsi mai gaskiya a bututun da ke shiga inji. Ya duba tiyo ɗaya bayan ɗaya da maɗauransu, ya duba matatar iska, musamman bayan hunturu, ya duba fulogi. Sau da yawa motar da aka kawo da kukan rashin ƙarfi ba ƙofarta ce ta sauka ba, wani tiyo ne ya tsage iska na zurarewa. Wanda ya ɗaure sanda a kan irin wannan mota ya tilasta wa turbo ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa don ya cika tulun da ke yoyo.

Bayan inji ya huce sarai, gama gidan turbo yakan yi ja wur da zafi, sai a cire tiyon gwangwani a haɗa ɗan famfon hannu mai agogo. A ba da iska sannu sannu ana kallon sanda, a rubuta lambar da ta fara motsi a kai. Kada a wuce abin da littafi ya ce, don fatar roba na iya fashewa. Idan aka tsaya allurar agogo ta riƙa sauka, fatar ta huje, gwangwanin sai canji. A zare ɗan makullin da ya riƙe sanda, a motsa hannun ƙofar da yatsa. Ya kamata ya tafi ya dawo ba cijewa ba kuma lako-lako. Ƙofar da tsatsa ta kama a rufe takan kai matsi sama, wadda ta sake kuwa ba ta rufe ruf, sai a ji tana ƙaraurawa in an tada mota, ƙarfi kuma ya ƙi zuwa.

Sandar tana da zare da notin kulle. Idan aka gajarta ta, sai an ja ta da ƙarfi kafin ta shiga hannun ƙofa, watau an riga an ɗame sifirin, don haka iska za ta bukaci ƙarin ƙarfi kafin ta buɗe, matsi ya hau. Idan aka tsawaita ta, matsi ya sauka. Abin da aka saba shi ne ramin sandar ya gaza kai wa ƙusar hannun ƙofa da milimita 2 zuwa 3, kamar rabin faɗin ramin. In babu wannan ɗamewa ko kaɗan, hayaƙi zai riƙa tura ƙofar tun kafin lokaci. In kuma ta yi yawa, sanda ba za ta sami isasshen wurin tafiya ba, ƙofa ba za ta buɗe sosai ba, sai a ga matsi ya tsaya daidai da farko, amma yana ta rarrafawa sama yayin da inji ke ƙara gudu. Wannan rarrafe ya fi komai yaudara, domin a gwajin gajeren zango ba ya nuna kansa.

Juyi ɗaya ake yi, ko ma rabi, a ɗaure noti, a mai da makulli, a fita gwaji. Ba a gane matsi a tsaye a gareji ana taka totur, saboda inji in ba ya jan kaya hayaƙinsa ba ya isa ya tada turbo. Ana bukatar hanya miƙaƙƙiya marar jama'a, da mutum biyu, ɗaya ya tuƙa ɗaya ya kalli agogo. A sa giya ta uku, a taka totur har ƙasa tun inji na ƙaramin gudu, a lura da abu uku: inda allura ta yi tsalle ta kai, inda ta dawo ta zauna, da kuma ko tana ci gaba da hawa. Da an ji ƙarar tsakuwa, ko allura ta wuce lamba, a ɗaga ƙafa nan da nan. A rubuta kowane juyi da abin da ya haifar don a iya komawa baya. Gwajin da aka yi da sanyin asuba ba ya zama hujja sai an maimaita shi da tsakar rana. Haka kuma a tuna da tudu: a Jos, wadda ke sama da teku da kimanin mita 1,200, iskar duniya ba ta kai bar 0.9 ba, turbo kuma sai ya ƙara gudu kafin ya tara yawan iskar da yake samu a Ikko.

Akwai 'yan na'urori masu araha da ake sakawa a tsakiyar tiyo, wani yana zubar da kaɗan daga iskar, wani kuma ƙwallo ne da sifirin da ke tare ta sai ta kai wani ƙarfi. Duka biyu ruɗin gwangwani suke yi, ya ɗauka matsi bai kai ba alhali ya wuce. Suna aiki, amma ba su da kunnen jin ƙara, ba su san zafin rana ba, ba su san irin man da aka sha ba. Mafi muni shi ne a cire tiyon ɗungum, ko a ɗaure hannun ƙofa da waya. Motar za ta yi tashin da mai ita bai taɓa gani ba, zai kuma yaba wa bakanike. Hausawa dai sun ce ganga in ta cika zaƙi fashewa take yi.

MOTOCIN DA KE DA ƘWAƘWALWA

Duk bayanin da ya gabata ya fi shafar tsofaffin motoci. A motar zamani kwamfutar inji ce ke riƙe da lambar matsi, tana buɗe bawul na lantarki tana rufewa sau da yawa a daƙiƙa ɗaya don ta cim ma lambar, irin bawul ɗin da masu gyaran Volkswagen da Audi suka sani da N75. Wanda ya murɗa sanda a nan kokawa ya shiga da kwamfuta. Ko dai ta gyara abin da ya ɓata ya zama bai samu komai ba, ko ta ga matsi ya wuce ta yanke ƙarfi, ta kunna fitila, mota ta koma tafiyar hawainiya. In an sa na'urar bincike za a ga lamba P0234, watau matsi ya yi yawa, ko P0299, watau ya gaza.

Har ila yau ba kowane gwangwani ne ke aiki da turin iska ba. A waɗansu motoci, kamar BMW na injin N54, zuƙa ce ke rufe ƙofar, sifirin kuma buɗe ta yake yi, saboda haka in tiyo ya tsage ƙarfi ne ke ɓacewa maimakon ya yi yawa. Wanda ya haɗa famfon turi a irin wannan gwangwani zai iya lalata shi. Sababbi kuma sun yar da tiyo gaba ɗaya, ɗan motan lantarki ne ke jan sanda, kuma duk lokacin da aka taɓa tsawonta sai an koya wa kwamfuta sabon wurin rufewa da na'urar bincike. Yawancin injunan gas na zamani ma ba su da ƙofar sam, wasu 'yan fukafukai ne kewaye da farfela ke buɗewa suna tsukewa. Ƙarin ƙarfi na gaskiya a irin waɗannan motoci sai ta hanyar sake rubuta lissafin kwamfuta, inda za a gyara matsi da mai da lokacin wutar fulogi tare, aikin wanda ya karanci abin ne kuma yake da kayan awo.

KO MASU TSERE AN SA MUSU LINZAMI

Kamfanin Renault ya kawo turbo gasar Formula 1 a Silbaston ta Ingila a 1977, motar kuwa ta riƙa fashewa tana tuƙuƙin hayaƙi har Turawan Ingila suka yi mata laƙabi da butar shayi. Sai a 1979 Jean-Pierre Jabouille ya ci mata tseren farko a Dijon ta Faransa. Kafin tsakiyar shekarun 1980 injuna masu lita 1.5 kacal sun wuce ƙarfin doki 1,000 a zagayen neman gurbi, amma irin wannan inji 'yan zagaye kaɗan yake yi a sauke shi. Hukumar gasar ta ƙayyade matsi a kan bar 4 a 1987, ta sauko da shi 2.5 a 1988, ta hana turbo gaba ɗaya daga 1989, bai dawo ba sai 2014. Waɗannan mutane ne masu injiniyoyi da man da aka haɗa musu na musamman da injin canji a ajiye cikin akwati. Magidancin da ya tara kuɗi shekara da shekaru ya sayi mota ɗaya, wadda ita ce ta kai yara makaranta ita ce ta zuwa gida da salla, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Saboda haka mai mota yana da haƙƙin ya yi wa bakanike tambaya uku kafin a taɓa sandar nan: wace lamba kamfani ya rubuta, wace lamba motar ke bayarwa yanzu, da wane agogo aka auna? In babu amsa, a rufe bonet. Daidaita ƙofar hayaƙi don ta koma lambar kamfani gyara ne, kuma yakan dawo wa mota da ƙarfinta da sauƙin shan mai. Wuce lambar kuwa cin amanar ratar da injiniyoyi suka bari ne saboda zafin rana da mugun mai da tsufan inji, abubuwa uku da ƙasar nan ba ta rasa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba irin baƙin man da ya dace da injin turbo, da dalilin da ya sa ake son direba ya bar inji ya ɗan yi aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya kafin ya kashe shi.